Ƙarfe Nawa Ne a Makka? Jawabi a kan Rana da Agogo da Taswirar Lokatan Duniya

 

Kowa a cikinku ya taɓa jin mai ba da labari a rediyo ya ce, ƙarfe takwas da rabi agogon Nijeriya da Nijar, watau bakwai da rabi agogon GMT da Gana. Mun saba da jin wannan magana har ba mu tsayawa mu tambaya. To, yau sai mu tambaya. Yaya aka yi mutumin Gusau da mutumin Kumasi su ke jin murya guda a lokaci guda, amma agogonsu ya saɓa da sa'a ɗaya? Wane ne ke da gaskiya a cikinsu? In kuwa ɗanka ya tafi aikin hajji, ƙarfe nawa za ka neme shi a waya, kada ka tashe shi daga barci? Yanzu da Allah ya sa kun iya karatu, kun san lambobi, wannan al'amari ba zai gagare ku ba. Ku kasa kunne.

YADDA RANA KE RIGA ZUWA GABAS

Duniyan nan da mu ke zaune a kai dunƙulalliya ce, tana kuwa juyawa ba fasawa, daga yamma zuwa gabas. Ta kan gama juyi guda cikin sa'a 24, watau yini da kwana. In kuna so ku gani da idonku, ku sami kabewa da fitila da dare. Ku soka ƙaya biyu a jikin kabewar, guda a dama, guda a hagu. Ta dama ku ce Makka ce, ta hagu ku ce Gusau. Ku ajiye fitilar wuri ɗaya, ita ce rana, sa'an nan ku riƙa juya kabewar sannu sannu zuwa dama. Za ku ga haske ya riga faɗa wa Makka tun Gusau na cikin duhu, kuma duhu ya riga rufe Makka alhali Gusau na da sauran haske. Dukan abin da zan faɗa muku yau daga nan ya taso: na gabas ya kan riga na yamma ganin rana, ya kan kuma riga shi rabuwa da ita.

Masana sun raba kewayen duniya kashi 360, kowane kashi ana ce da shi digiri. Tun da ya ke duniya na cinye digiri 360 cikin sa'a 24, ashe cikin sa'a ɗaya tana cinye digiri 15, digiri ɗaya kuwa cikin minti 4. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, 15 da 4, su ne mabuɗin ƙofar.

A nan ƙasarmu faɗin digiri ɗaya kusan kilomita 109 ne. Saboda haka kowane kilomita 27 da ka yi sosai zuwa gabas, ka riga mutanen gidanku ganin rana da minti ɗaya. Ku duba garuruwanmu uku. Tsafe tana gabas da Gusau da misalin rubu'in digiri, don haka rana ta kan faɗi a Tsafe kamar minti ɗaya kafin ta faɗi a Gusau. Bunguɗu tana yamma kaɗan, ita kuma tana bin bayan Gusau da abin da bai cika rabin minti ba. Wannan kaɗan ne, ba mai lura da shi. Amma ku ƙara nisa ku gani. Kano ta riga Gusau da minti 7. Maiduguri ta riga ta da minti 26. Sakkwato kuwa tana bayanmu da kusan minti 6. Daga iyakar Nijeriya ta gabas wajen tafkin Cadi zuwa iyakarta ta yamma, tsakani ya kai wajen minti 48.

ZAMANIN DA KOWANE GARI KE DA TSAKAR RANARSA

Kakanninmu ba su da agogo, ba su kuwa rasa sanin lokaci ba. Suna da asuba, da hantsi, da walaha, da tsakar rana, da azahar, da la'asar, da almuru, da lisha. Ladan ya dubi inuwa ya kira salla, kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro su kan yi watanni a hanya da jakuna, suna tafiya yamma, rana na jinkirta musu kaɗan kaɗan kowace safiya, har su isa ba wanda ya ji wani abu ya sake. Haka alhazan da, masu zuwa Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan. Mai tafiyar ƙafa ba ya bukatar taswirar lokaci.

Jirgin ƙasa da wayar tangaraho su ne suka kawo rikici. A Ingila kowane gari yana gyara agogonsa da ranarsa, har birnin Biristol yana bayan Landan da minti 10. Da jirgi ya fara gudu tsakanin garuruwa, sai aka rasa da agogon wa za a rubuta lokacin tashinsa. Jirage biyu kuwa a kan hanya guda, kowane da nasa agogo, ai kun san abin da zai biyo baya. Saboda haka tun daga 1840 masu jiragen ƙasa suka fara bin agogon Landan, a 1880 kuma aka yi doka ƙasar duka ta bi lokaci guda. A Amurka da Kanada masu jirage suka raba ƙasa yanki yanki a 1883. A 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a birnin Washinton, suka amince a riƙa fara ƙirga digiri daga wani gidan duban taurari da ke unguwar Girinic, a Landan. Layin da ya ratsa ta wannan gida daga arewa zuwa kudu shi ne sifiri. Ya bi ta Faransa, da Sifen, da Aljeriya, da Mali, ya gangaro har ya faɗa teku a garin Tema na ƙasar Gana. Lokacin wannan layi shi ne GMT da ku ke ji a rediyo. A taswirorin yanzu za ku fi ganin an rubuta UTC. Ga mai bukata irin tamu duk ɗaya ne.

Mu ma nan haka ta faru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya kuwa ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. A 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu, aka sa agogon Nijeriya gaba da na Girinic da rabin sa'a. Ran 1 ga watan Satumba 1919 aka mai da shi sa'a ɗaya cif, a nan kuwa ya tsaya har yau.

AGOGONMU BA RANARMU YA KE BI BA

Ga wani abin mamaki. Agogon da ke gaba da Girinic da sa'a ɗaya, ranar layin digiri 15 gabas ya ke bi. Wannan layi bai ko taɓa Nijeriya ba, ta wajen Njamena ya wuce, babban birnin Cadi. Gusau kuwa tana kan digiri 6 da sulusi biyu. Tsakaninmu da layin akwai digiri 8 da sulusi, in ka riɓa da minti 4 ka sami minti 33. Watau sa'ad da agogonka ya buga ƙarfe 12, rana ba ta kai tsaka ba tukuna a Gusau, da sauran fiye da rabin sa'a.

Kada ku yarda don na faɗa, ku gwada. Ku kafa sanda miƙaƙƙiya a fili mai lebur, ku riƙa sa alama a ƙarshen inuwarta kowane minti 5, tun daga ƙarfe 12 har ƙarfe 1. Inda inuwar ta fi gajarta, nan ne tsakar ranarku, daga nan sai zawali. Za ku kuma tarar ba ta tsayawa wuri ɗaya duk shekara. A farkon watan Nuwamba, lokacin kaka, ta kan zo wajen ƙarfe 12 da minti 17. A tsakiyar Fabrairu, ƙarshen hunturu, sai wajen ƙarfe 12 da minti 47. Agogo dai shiri ne na mutane, don su haɗu a kan alkawari guda. Rana kuwa tafiyarta ta ke yi da ikon Allah, ba ruwanta da abin da gwamnati ta zartar.

YADDA A KE KARANTA TASWIRAR

To, yanzu ku buɗe taswirar. Abu na fari, ku daidaita ta: arewa a sama, kudu a ƙasa, gabas a hannun dama, yamma a hagu.

Na biyu, ku dubi layukan da suka sauko daga sama zuwa ƙasa. Sun raba duniya yanki 24, kamar gaɓoɓin jikin kabewa, kowane yanki faɗinsa digiri 15, watau sa'a ɗaya. A bakin taswirar, sama ko ƙasa, kowane yanki yana da lambarsa. Ku nemi 0, shi ne na Girinic. Daga nan zuwa dama za ku ga +1, +2, +3, har gaba. Waɗannan suna gaba da Girinic. Zuwa hagu kuwa −1, −2, −3, waɗannan suna bayansa. Nijeriya tana +1.

Na uku, shi ne inda mutane su kan ruɗe, ku lura layukan a kan teku kaɗai su ke miƙe. Da sun hau tudu sai su karkace, su bi iyakokin ƙasashe. Ga dalili, a ƙofar gidanmu ma. Da za a bi miƙaƙƙen layi, iyakar da ke tsakanin yankin 0 da yankin +1 tana kan digiri 7 da rabi, wannan kuwa tsakanin Funtuwa da Zariya ya ratsa. Da Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Sakkwato da Ikko duk sun faɗa agogon Gana, Zariya da Kano suna gaba da mu da sa'a guda. Mai kai hatsi Zariya sai ya tsaya a hanya ya juya agogo, in ya komo ya sake juyawa. Wa zai iya wannan wahala? Don haka aka lanƙwasa layin ya kewaye ƙasar duka. Saboda wannan a kan shafa wa kowane yanki launinsa. Ku sa yatsa a kan ƙasar da ku ke nema, ku dubi launinta, ku bi launin nan har bakin taswira ku karanta lambarsa. Launi za ku bi, kada ku bi miƙaƙƙen layi.

Za ku ga Nijar da Binin da Kamaru da Cadi launinsu ɗaya da namu. Gana da Togo da Mali da Sanagal suna 0. Sudan da Libiya suna +2. Ƙasar Makka tana +3, Dubai +4. Ƙasar Sin, duk girmanta, agogo guda ta ke bi, +8, ko da ya ke faɗinta ya isa yanki biyar. Rasha kuwa ta raba tata ƙasa yanki 11. Waɗansu ƙasashe sun zaɓi rabin sa'a, kamar Indiya mai +5 da rabi, su a kan yi musu zane zane ko a rubuta lambar a jikinsu.

LISSAFIN

Ka'ida biyu ce. Ta fari, a san tsakani. In lambobin biyu alamarsu ɗaya ce, ka ɗebe ƙarama daga babba. In guda tana da + guda tana da −, ka haɗa su. Ta biyu, a san gaba ko baya. In garin yana dama da mu, watau gabas, ka ƙara a kan agogonka. In yana hagu, ka rage.

Ga misali. Makka +3, mu +1. Ɗebe 1 daga 3, saura 2. Makka tana gabas, sai a ƙara. Ƙarfe 9 na dare a Gusau, ƙarfe 11 ne a Makka. Mai son gaisawa da alhajinsa, gara ya neme shi tun da almuru. Haka kuma in jirgin alhazai ya tashi daga Sakkwato ƙarfe 10 na safe, a ce ya yi sa'a 5 a sama, agogon hannun alhaji zai nuna ƙarfe 3, na filin jirgin Jidda kuwa ƙarfe 5. Ba agogon ne ya lalace ba, sai ya tura shi gaba da sa'a 2. Wanda bai tura ba, ran komowa aka ce masa jirgi ƙarfe 8, zai iso ya tarar an tafi tun ɗazu.

Misali na biyu. Ɗan kasuwa yana da abokin ciniki a ƙasar Sin. Ɗebe 1 daga 8, saura 7. In ya buga waya ƙarfe 8 na daren Alhamis, ƙara 7, ya ƙetare sha biyun dare, can ƙarfe 3 ne na daren, Juma'a ta riga ta shiga. In yana son ya same shi a kanti, sai ya kira da sassafe, gama ƙarfe 8 na safe a nan ƙarfe 3 na yamma ne a can.

Misali na uku. Birnin Niyu Yok na Amurka yana −5. Alama ta saɓa, sai a haɗa: 1 da 5, 6. Yana yamma, sai a rage. Ƙarfe 8 na safe a Tsafe, can ƙarfe 2 ne na dare.

Akwai wani tarko wanda taswira ba ta cika nunawa ba. Ƙasashen sanyi su kan tura agogonsu gaba da sa'a ɗaya in kwanakinsu na zafi sun zo, domin a can yini ya kan yi tsawo ƙwarai. A Ingila ana turawa ran Lahadin ƙarshe ta watan Maris, a komar da shi ran Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Cikin watannin nan agogon Landan daidai ya ke da na Gusau, sauran shekara kuwa yana bayanmu da sa'a ɗaya. Niyu Yok ma a kwanakin zafinsu tsakaninmu ya kan koma sa'a 5. Nijeriya da Nijar da Gana da ƙasar Makka ba su yin haka. In abin na Turai ne ko na Amurka, ku tambayi wata kafin ku yi lissafi. Matambayi ba ya ɓata.

INDA YAU TA KE GAMUWA DA GOBE

Ku kai ido can ƙarshen taswira, tsakiyar tekun Fasifik, wajen digiri 180. Wanda ya bi ta gabas yana ƙarawa, ya iso nan yana gaba da Girinic da sa'a 12. Wanda ya bi ta yamma yana ragewa, ya iso yana baya da sa'a 12. Ga su tsaye wuri guda, agogonsu ya nuna ƙarfe ɗaya, amma wannan ya ce Talata, wancan ya ce Litinin. Nan aka ja layin sake kwana. Mai ƙetare shi zuwa yamma ya tsallake kwana guda, mai ƙetarewa zuwa gabas ya maimaita. Jirgin ruwan da ya fara kewaya duniya ya tashi daga Sifen a 1519, ya yi ta bin yamma. Da matuƙansa suka komo waɗansu tsibirai da ke daura da gaɓar Afirka ta Yamma a 1522, littafinsu ya ce Laraba, mutanen tudu suka ce Alhamis, ba su kuwa yi kuskuren ƙirga ko kwana ɗaya ba. A 2011 ma ƙasar Samowa ta ƙaura daga wannan gefen layi zuwa wancan don ciniki, mutanenta suka kwanta ran Alhamis 29 ga Disamba suka tashi ran Asabar 31, shekarar nan ba su ga wannan Juma'a ba.

ABIN DA YA FI SHAFARMU

Na bar babbar magana a ƙarshe. Da azumi, mutum ya kama tashar Kano ya ji an kira magariba, ya dubi agogonsa ya ga daidai da na Kano, sai ya kai dabino baka. Agogo kam daidai ya ke, gama mu da Kano duk +1 mu ke. Amma rana tana da sauran minti 7 kafin ta faɗi a Gusau. In ta Maiduguri ya ji, saura minti 26. In kuwa Ka'aba ya ke kallo a talabijin, ya ga ana buɗa baki, to, a nan da sauran wajen sa'a biyu. Da asuba abin ya kan juya: wanda ya jira ladanin Sakkwato kafin ya ajiye sahur, alfijir ya riga ya keto masa da 'yan mintoci. Haka kalandar lokutan salla da aka buga don wani gari, haka wayar hannu in an bar ta a kan sunan garin da ba naku ba. Ku duba ku ga wane gari aka rubuta. Hukuncin wanda ya yi kuskure yana wurin malamai, su za ku tambaya. Nawa lissafi ne kurum, lissafin kuwa ya nuna taswirar lokaci ba ta raba Gusau da Kano ba, amma rana ta raba su.

Saboda haka ku ba kowane haƙƙinsa. Alkawarin jirgi, da na asibiti, da na makaranta, da na abokin ciniki a wata ƙasa, ku bi agogo, ku duba taswira. Salla da buɗa baki kuwa, ku bi ranar garinku da ladanin unguwarku.

Ga tambayoyi uku ku tafi da su gida, kowa ya rubuta amsa da hannunsa ya kawo wa malaminsa.

1. In ƙarfe 7 na safe ne a Bunguɗu, ƙarfe nawa ne a Kumasi, ƙarfe nawa kuma a Madina?

2. In ƙarfe 10 na daren Lahadi ne a Tsafe, ƙarfe nawa ne a Dubai, wace rana ce kuma?

3. Wani gari yana gabas da Gusau da digiri 5. Da minti nawa zai riga mu ganin faɗuwar rana?

Wanda ya ci ukun nan, ya koya wa maƙwabcinsa.